Kwana Goma Sha Biyar a Ailan: Yadda Na Ga Ana Tarbar Ƙarshen Hunturu a Kildare da Liscannor

Na bar Kano ranar Litinin, 27 ga Janairun 2025, a cikin hazon da ya sa jirginmu na Abuja bai tashi ba sai bayan azahar. Dalilin tafiyar shi ne ƙanwata, wadda ke aikin jinya a ƙasar Ailan, ta haihu, kuma mahaifiyarmu ba ta da ƙarfin doguwar tafiya, saboda haka aka wakilta ni in je in ga jariri in kai gaisuwar dangi. Bizar ta ci mini makonni ina jira, kuɗinta yuro 60 ban da na ofishin da ke karɓar takardu, kuma sai a lokacin na fahimci cewa bizar Ingila ko ta sauran ƙasashen Turai ba ta shigar da ɗan Najeriya Ailan, domin ƙasar tana da tata daban. Daga Abuja muka bi ta Istanbul, muka sauka Dublin ranar Talata da rana. Jami'in shige da fice ya nemi takardar gayyata da tikitin komawa, ya tambayi sana'ata, na ce masa malamin gona ne, ya buga hatimi. Kilishin da aka so in tafi da shi tun a gida na ajiye, saboda an hana shiga da nama da kayan madara, amma kuka da busasshiyar kuɓewa da daddawa da yaji duk sun wuce lafiya.

Mijin ƙanwata ne ya ɗauke ni zuwa garin Newbridge da ke gundumar Kildare, tafiyar da ba ta kai awa ɗaya ba. A hanya na ga manyan bishiyoyi kwance a gefen gonaki da saiwoyinsu a sama, ya ce mini kwana huɗu kafin zuwana, ranar 24 ga wata, guguwar da aka sa wa suna Éowyn ta ratsa ƙasar da iskar da gudunta ya haura kilomita 180 a awa a gaɓar yamma, ta bar gidaje da wuraren sana'a sama da 700,000 babu wuta. Sanyin da na tarar ya bambanta da hunturunmu. Namu busasshe ne, yana fasa leɓe da diddige amma rana na fitowa ya saki mutum, nasu kuwa jiƙaƙƙe ne mai shiga ƙashi, ga rana ba ta fitowa sai bayan ƙarfe takwas, kuma kafin biyar da 'yan mintuna ta faɗi. Kwanakin farko na yi su a ɗaka ina riƙon jariri.

Ranar Alhamis wata dattijuwa maƙwabciyarsu, wadda ta haura shekara saba'in kuma ta ɗauki ƙanwata tamkar 'yarta, ta shigo da ɗan damin wata ciyawa koriya a hammata. Ciyawar fadama ce, doguwa, siririya kamar tsinken tsintsiya amma mai laushi, cikinta da farin ɓargo. Ta ce jibi Asabar, 1 ga Fabrairu, ranar Brigid ce, wata waliyyiyar Kiristocin ƙasar, kuma ranar ce hunturu ke ƙarewa. Na dubi taga na ga yayyafi da duhu, na tambaye ta yadda za a ce hunturu ya ƙare a cikin wannan hali. Ta ce masu hasashen yanayi na gwamnati daga watan Maris suke fara ƙirgen sabon lokaci, amma a lissafin iyaye da kakanni, wanda da shi aka koyar da su a makaranta, Fabrairu ne farkonsa. A nan na gamu da matsalar suna. Mun saba fassara wannan lokaci nasu da bazara, alhali bazararmu zafi ce da ƙishirwa da ƙafewar rijiyoyi, tasu kuwa lokacin tohon ciyawa ce da haihuwar tumaki. Abin da ya fi kusa da ita a zuciyar manominmu shi ne ranar da hadari ya fara haɗuwa a gabas bayan watanni ana jira.

Ta zauna a teburin kicin ta fara saƙa. Ta tsayar da zare ɗaya na ciyawar, ta lanƙwasa na biyu biyu ta rataya a tsakiyarsa, ta danne da babban yatsa, ta juya abin kwata, ta ƙara wani, ta sake juyawa. Hannunta na rawa saboda tsufa, amma ko sau ɗaya ba ta dubi abin da take yi ba, idonta na kan jariri. Cikin 'yan mintuna tsakiyar ta zama murabba'i mai kama da gindin faifai, da hannuwa huɗu da kowanne ya ɗan kauce wa ɗan'uwansa, ta ɗaure bakunansu. Wannan shi ne gicciyen Brigid. Ana rataye shi a saman ƙofa ko a jikin rufin ɗaki da na dabbobi har shekara ta zagayo, da imanin cewa yana tsare gida daga gobara da yunwa da cuta. Ta ce a gidan mahaifinta ba a yankan ciyawar da ƙarfe, cire ta ake yi da hannu, kuma kakarta na iya ƙirga shekarun da ta yi a gidan miji ta hanyar ƙirga busassun gicciyen da ke soke a jikin jinka. Labarin da ake bayarwa shi ne Brigid ta zauna a gefen wani basarake mai bin addinin gargajiya yana gargarar mutuwa, ta tsinci ciyawar da aka shimfiɗa a ƙasa ta saƙa gicciye tana yi masa bayanin addininta, har ya karɓa kafin ya cika. Ta miƙo mini ciyawar in gwada, na ce mata, “Mama, ni Musulmi ne, zan dai kalla in koya da ido.” Ta ce babu laifi, ta ci gaba da aikinta.

Ranar Juma'a na shiga jirgin ƙasa zuwa Dublin na yi salla a masallacin Clonskeagh, sannan da la'asar na kamo wani daga tashar Heuston zuwa garin Kildare, tafiyar kusan minti arba'in. Jajiberen ranar ya fi ranar kanta nauyi a al'adarsu, kamar yadda daren salla yake da nasa shagali a wurinmu. A daren ne ake cewa Brigid tana zaga ƙasa tana sa albarka, saboda haka ake ajiye ƙyalle a waje, a kan taga ko shinge, ya kwana raɓa ta sauka a kansa. Sunansa Brat Bríde, kuma ana adana shi shekara guda ana ɗaura wa mai ciwon kai ko maƙogwaro, a da har da mace mai naƙuda da saniyar da haihuwa ta zo mata da gardama. A wasu yankuna, musamman gundumar Kerry, matasa kan sa hulunan ciyawa su ɗauki 'yar tsana mai suna Brídeóg su bi gida gida da kiɗa ana ba su abinci ko kuɗi. Da aka kwatanta mini, tashe ne ya faɗo mini a rai.

Da duhu ya yi na bi mutane zuwa Rijiyar Brigid da ke bayan gari, kusa da gandun kiwon dawaki na ƙasa da ke Tully. Kowa na riƙe da kyandir ko fitila, mafi yawansu mata ne, ana tafiya a hankali babu hayaniya. Wurin ɗan lambu ne mai ƙoramar ruwa da mutum-mutumin Brigid riƙe da harshen wuta, da jerin duwatsu biyar da ake tsayawa a gaban kowanne a yi addu'a, sannan a ƙarshen lambun akwai bishiyar da aka cika da tsummoki da zare masu launi iri-iri. Na koma gefe na tsaya. Kusa da ni akwai wani mutum mai kimanin shekara hamsin, mai dogon gashi, wanda da muka gaisa ya ce mini shi ba Kirista ba ne, tsohon addinin ƙasar yake bi, kuma a wurinsa daren nan daren Imbolc ne.

Shi ya warware mini lissafin. Mutanen Ailan na dauri sun raba shekara gida huɗu, kowane gida da bikin da ke buɗe shi: Samhain a farkon Nuwamba, Imbolc a farkon Fabrairu, Bealtaine a farkon Mayu, da Lughnasadh a farkon Agusta. Masana harshe sun kasu a kan asalin kalmar Imbolc, wasu na cewa tana nufin “a cikin ciki”, wato tumaki masu juna biyu, wasu kuma suna danganta ta da nonon tunkiya. Ko wanne ne daidai, magana ɗaya ce a kunnen wanda ya san kiwo. A ƙarshen Janairu hatsin rumbu ya yi ƙasa, naman da aka adana tun Nuwamba ya kusa ƙarewa, shanu sun ƙafe, to nonon farko da tunkiya za ta kawo shi ne alamar cewa gidan ya tsallake shekara. Na tuna yadda watan Yuli da Agusta suke a ƙauyukanmu, lokacin da tsohon hatsi ya ƙare sabo bai nuna ba, da irin farin cikin da ake yi da tumun farko. Mutumin ya ƙara da cewa a tudun Tara akwai wani kabari na duwatsu da ya kai shekara 5,000, wanda hasken fitowar rana ke shiga ƙofarsa a daidai kwanakin Imbolc da Samhain.

Sunan Brigid kansa ya girmi Kiristanci a ƙasar. Wani tsohon ƙamus da ake jingina wa Cormac, sarkin yankin Munster na kudancin ƙasar da ya rasu a shekarar 908, ya ambaci wata abar bauta mai wannan suna, 'yar Dagda babban abin bautarsu, wadda mawaƙa ke girmamawa, tare da 'yan'uwanta biyu masu suna ɗaya da ita, ɗaya ta magani ɗaya ta ƙira. Ita kuwa waliyyiyar, riwaya ta ce an haife ta wajen shekarar 451 a Faughart kusa da Dundalk, ta kafa gidan ibada a Kildare wajen 480, ta rasu wajen 524, kuma wani malamin coci mai suna Cogitosus ya rubuta tarihinta a ƙarni na 7. Labaranta cike suke da madara da man shanu da kyauta: tana rabar da man mahaifiyarta ga matalauta sai ƙwarya ta sake cika, ta ba wani mabuƙaci takobin mahaifinta. Masana tarihi na gardama har yau, wasu na ganin waliyyiyar ita ce tsohuwar abar bautar aka sauya wa riga, wasu na ganin mace ce ta gaske da ta rayu, daga baya siffofin waccan suka manne mata. A bakin rijiyar dai babu wanda na ga gardamar ta dama. Sistoci, wato matan coci masu zaman ibada, na addu'a a gaba, mutumin nan na tsaye a baya da kyandir ɗinsa, kuma da aka watse sun gaisa da juna da suna.

Na kwana a wani ƙaramin masauki a garin kan yuro 95, har da karin kumallo. Na roƙi mai gidan kada ta sa mini naman alade, wanda shi ne jigon karin safensu, sai ta ba ni ƙwai da kunun alkamar oat da burodi mai ruwan ƙasa da man shanu mai gishiri.

Safiyar Asabar na tafi babbar majami'ar Brigid da ke tsakiyar gari, ginin ƙarni na 13, wadda a harabarta akwai wata doguwar hasumiya ta dutse mai tsayin sama da mita 30. Abin da ya kai ni shi ne wani ɗan fili mai kusurwa huɗu da aka kewaye da gajeriyar katanga a arewacin ginin, wanda ake cewa nan ne ɗakin wuta. Wani malamin coci ɗan Wales mai suna Gerald, wanda ya ziyarci Ailan a shekarun 1180, ya rubuta cewa a Kildare akwai wutar da ba ta mutuwa, mata 19 ke kula da ita kowacce da darenta, a dare na 20 kuma sai a zuba itace a bar wa Brigid, kuma an kewaye ta da shingen da namiji ba ya ƙetarewa. Wutar ta mutu a ƙarni na 16, lokacin da Sarkin Ingila Henry na VIII ya rufe gidajen ibada, sai a 1993 sistocin ƙungiyar Brigid suka sake kunna ta a dandalin kasuwar garin, kuma suna riƙe da ita a cibiyarsu mai suna Solas Bhríde. A cikin filin na tarar da kyandirori da furanni da wasu ƙananan gicciye da ruwa ya jiƙa.

A nan na daɗe ina tunani, domin sunan garin a harshensu, Cill Dara, yana nufin cocin bishiyar oak, bishiyar da matsayinta a wurin mutanen dauri ya yi kama da na kuka ko tsamiya a wurinmu. Mu ma mun bi ta wannan mararraba. Tarihin Kano ya ba da labarin Barbushe da Tsumburbura a Dala, ya kuma ce a zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499, an sare bishiyar tsafi an yi ginin masallaci a gurbinta, daga baya kuma Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya yi wa'azi mai zafi a kan masu haɗa Musulunci da yanka wa duwatsu da bishiyoyi. Malaman Kiristan Ailan sun ɗauki wata hanya, sun bar rijiya da wuta da rana a inda suke, suka sa musu sabon suna da sabuwar addu'a. A matsayina na Musulmi ina tare da malamanmu a kan tsarkake aƙida, kuma ban sha ruwan rijiyar ba, ban ɗaura tsumma ba. Abin da ya dame ni shi ne yadda muka bar sani ya bi aiki ya tafi. Yaro ɗan firamare a Kildare zai gaya maka sunayen bukukuwan kakanninsa huɗu da watanninsu, alhali ɗalibaina da yawa ba su san mene ne buɗin daji ba, kuma ba su san yadda manomi ke duban Kaza da 'Ya'yanta ya gane matsowar damina ba. Ana iya rubuta waɗannan a koyar da su a matsayin tarihi ba tare da an bauta wa kowa ba.

Da rana mijin ƙanwata ya zo muka ratsa Curragh, wani shimfiɗaɗɗen fili na ciyawa mai faɗin kusan hekta 2,000 wanda babu shinge a cikinsa. Almara ta ce Brigid ta roƙi sarkin Leinster filin da mayafinta zai iya rufewa, ya amince yana dariya, sai mayafin ya yi ta miƙewa har ya rufe wannan fili. Tumakin da ke kiwo a wurin an shafa musu fenti ja ko shuɗi a baya domin kowa ya gane nasa, kuma idon sana'a ya nuna mini cewa da yawansu cikinsu ya tsufa, hantsa ta fara sauka. Da dare dattijuwar ta aiko mana da abincin ranar, wato dankalin turawa da aka daka da kabeji, aka yi rami a tsakiya aka jefa curin man shanu, tare da burodi mai busasshen inabi.

Ranar Lahadi muka ɗauki hanyar yamma a mota, ta Limerick da Ennis, zuwa gundumar Clare, tafiyar kusan awa uku. Babu shingen jami'an tsaro ko ɗaya, sai ƙofar biyan kuɗin hanya kusa da Portlaoise inda aka biya da kati. Daga Ennis hanya ta tsuke, katangun duwatsu suka sa ta a tsakiya, ɓarnar guguwa kuma ta ƙara fitowa fili, da turakun wuta a karye da ma'aikata a kansu cikin ruwan sama. Matar da ta sauke mu kusa da Lahinch, kan yuro 110 ɗaki mai gado biyu, ta ce sun yi kwanaki babu wuta babu ruwan famfo, kuma abin da ya cece su shi ne tsohon murhun da ake hura shi da busasshiyar ƙasar fadama, wanda 'ya'yanta suka daɗe suna cewa ta cire. A wurinmu ɗauke wuta wahala ce da aka saba da ita aka yi mata tanadi, a can kuwa, inda ɗumin ɗaki da girki da ruwa duk suka rataya a kanta, tsoho na iya rasa ransa a dare ɗaya. A saman ƙofarta akwai sabon gicciye, kore shar.

Rijiyar Brigid ta Liscannor tana bakin hanyar da ke zuwa Tsaunukan Moher, waɗanda suka yi tsayin mita 214 a kan teku. Ana shiga ta wani ɗan siririn soro mai duhu da danshi, ruwan na zuba a ƙuryarsa. Bangon duka biyu, daga ƙasa har rufi, a rufe yake da abin da mutane suka bari: hotunan mamata, carbin Kirista, katunan jana'iza, ƙananan mutum-mutumi, wasiƙu da tawadarsu ta zube, da takalmin jariri ƙafa ɗaya, fari, an ɗaure shi da zare a jikin ƙusa. Wata mata ta shigo ta durƙusa ta cika 'yar kwalba, ta manna hoton wani saurayi a tsakanin sauran, ta dafa shi da tafin hannu na ɗan lokaci, ta fita ba ta ce komai ba. A waje wasu na zaga wurin ta hannun dama, yadda rana ke tafiya, suna addu'a ƙasa-ƙasa, sannan su hau matakala zuwa maƙabartar da ke sama. Na taɓa zuwa rijiyar Kusugu a Daura, inda tarihi ne ke kai mutum, amma a nan baƙin ciki ne ke kawo mafi yawan masu zuwa. Na yi wa matar fatan Allah Ya ba ta haƙuri, a zuciyata, na fito.

Litinin, 3 ga Fabrairu, hutu ne a ƙasar baki ɗaya. Tun 2023 gwamnati ta ware Litinin ta farko a watan Fabrairu domin wannan rana, sai fa idan 1 ga wata ta faɗo Juma'a, kuma shi ne hutun ƙasa na farko da aka yi da sunan mace. Muka dawo Newbridge da yamma, na lura cewa ƙarfe biyar ta wuce da sauran haske, kuma a gindin shingen gidan wasu ƙananan fararen furanni sun fasa ƙasa sun fito da kawunansu a sunkuye.

Sauran kwanakin na yi su tare da jariri da iyayensa. Ranar da zan taho, 11 ga wata, dattijuwar ta kawo mini burodin nan mai inabi a naɗe cikin takarda, ta ce in kai wa mahaifiyata, kuma ta tuna mini cewa sistocin ƙasarsu sun buɗe makaranta a Kano tun 1948, na ce mata makarantar na nan har yau. Na iso gida na tarar hazo ya fara janyewa, zafi na shigowa, masu amalanke sun soma kai taki gona. Mahaifiyata ta karɓi wayar ta daɗe tana duban hotunan jikanta, sannan ta tsaya a kan hoton tumakin Curragh, ta tambaye ni wa ke yi musu aski, kuma me ake yi da gashin.